Daga Damagaram zuwa bakin teku: yadda ake shirya hutun tsibiri ba a yi asara ba

Duk wanda ya taɓa biya wa mahaifiyarsa kujerar Umra ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Ka je ajans, ka zuba kuɗi a dunƙule, su kuma su ɗauki nauyin jirgi da masauki da motar da za ta ɗauko ta daga filin jirgi, wani lokaci har da abinci. Haka ake sayar da hutun tsibiri, sai dai a nan otal ne a bakin teku za a kai ka, ka yi kwana bakwai ko goma ba abin da ke gabanka sai ci da barci da kallon ruwa. Masu ajans suna ce wa irin wannan ciniki forfe.

Abin da ke rikita mutanenmu shi ne tallar da suke gani a Facebook, mai hoton farin rairayi da itatuwan kwakwa da farashin da ke sa mutum ya gyara zama. Wannan talla ba don kai aka rubuta ta ba. An yi lissafinta ne a kan wanda zai tashi daga Paris ko Milan, riƙe da fasfon da ake buɗe wa ƙofa ba tambaya. Kai kuwa tafiyarka daga ƙofar gidanka take farawa, a Birni ko Zango ko Sabon Gari, kuma fasfon Nijar ne a aljihunka. Don haka tsarinmu daban ne: takardu tukuna, sannan tsibiri, kuɗi kuma su ne na ƙarshen fita daga hannu.

Mataki na farko: fasfo da katin shawara

Ɗauko fasfonka yau ka duba ranar da zai mutu. Yawancin ƙasashe suna son ya kasance da sauran wata shida daga ranar shigarka, da shafuka biyu da ba a buga wa hatimi ba. Idan ya kusa ƙarewa, sabunta shi ne aikin farko, kuma ka ba shi lokaci mai yawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane yaro yana bukatar nasa fasfon. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardun haihuwarsu da takardar izinin uba wadda hukuma ta sa wa hannu. Ango da amarya su tafi da takardar aure.

Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara. Nijar tana cikin ƙasashen da ake neman wannan kati daga matafiyansu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Ka tabbata sunan da ke kan katin ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da ake rubuta wa suna ɗaya Mahamadou a nan, Mahaman a can, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mataki na biyu: biza ce ke zaɓar tsibiri

Mutane sukan fara da hoton da ya fi burge su. Ni shawarata ka fara da tambayar wace ƙasa ce za ta karɓe ka, kuma da wane sharaɗi.

Zanzibar ita ce wadda ta fi shiga ran Bahaushe, kuma da dalili. Tsibirai ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, kuma kusan duk mutanenta Musulmi ne. Za ka ji kiran salla daga ɗakinka, naman kasuwa na yanka ne, kuma a Swahilinsu za ka tsinci kalmomin gida: asubuhi, Alhamisi, Ijumaa. Tsohon garinsu na duwatsu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, lungunansa da ƙofofinsa masu sassaƙa za su tuna maka da Birni. Amma ga inda gizo ke saƙa: Nijar tana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba ƴaƴansu biza a filin jirgi. Sai ka nema ta intanet, takardarka ta bi ta hannun shugabannin hukumar shige da fice, kuma su da kansu suna cewa a nema wata biyu kafin tafiya, kada kuma a yanki tikiti sai amsa ta fito. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dalar Amurka 50 ne. Ban da wannan, tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar kamfanin gwamnatinsu, dalar Amurka 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar daga gida. (Ina ta nanata "dalar Amurka" ne don kada wani ya ɗauka dalarmu ta gida nake nufi, ya ce ai abin banza ne.)

Maldibs kuwa akasin haka take. Ana buga wa baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgin Velana da ke kusa da babban birninsu Male, muddin yana da tikitin komawa da shaidar otal, kuma ya cike fom ɗinsu na intanet mai suna IMUGA cikin awa 96 kafin tafiya. Ita ma ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya. Sauƙin takarda ke nan, amma aljihu ne ke ji a jikinsa: hanya doguwa ce, kuma manyan otal-otal ɗinsu kowanne tsibirinsa daban, ba kasuwa ba shago, abin da suka ce shi za ka biya. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sauka a gidajen baƙi na tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi, inda ba a sayar da giya kuma akwai masallaci a kusa.

Na uku, wanda mutane ke rainawa, shi ne Jarba a kudancin Tunisiya. Ɗan Nijar ba ya bukatar biza don gajeriyar ziyara a Tunisiya, agogonsu ɗaya da namu, kuma da Faransanci ko Larabci za ka yi cinikinka a kasuwar Humt Suk ba tafinta. Sai dai jami'ansu suna tsananta tambaya ga ƴan Afirka ta Yamma, don haka tikitin komawa da takardar otal da shaidar kuɗin guzuri su kasance a hannu, a buge a takarda. Ga wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, ni da Jarba zan ce ya fara.

Tsibiran Kanari da ake yawan talla ƙasar Sifaniya ce, bizar Turai suke bukata, kuma tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024 neman bizar Turai ya ƙara nisa. Ka ajiye su gefe tukuna.

Mataki na uku: wane wata?

Lokacin da ɗan Damagaram ya fi son gudu daga gida shi ne Afrilu da Mayu, sa'ad da bazara ke gasa mutum har cikin ɗaki. Abin haushi, daidai lokacin ne babbar daminar Zanzibar, daga Maris zuwa Mayu. Shi ya sa za ka ga farashi ya faɗi warwas a waɗannan watanni, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Araha ba ta ado. Zanzibar tana da daɗi daga Yuni zuwa Oktoba, ba ruwa kuma ba zafi sosai, wanda ya yi daidai da babban hutun ƴan makaranta, sai kuma Janairu da Fabrairu masu zafi. Maldibs daga Disamba zuwa Afrilu ne sararinta ke washewa. Jarba kuwa daga Yuni zuwa Satumba. In ka je a Janairu, sanyin da ka baro a gida shi za ka tarar, har da ƙari.

Makon Kirsimeti da sabuwar shekara farashi yakan hau ko'ina, don lokacin Turawa ke kwararowa. A watan azumi kuma gidajen abinci na cikin gari a Zanzibar da Maldibs sukan rufe da rana.

Mataki na huɗu: Yamai ko Kano

Babu forfen da ke farawa daga tashar mota ta Damagaram. Wannan yanki kai za ka tsara shi, kai za ka biya.

Zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur a cikin bas. Daga filin jirgin Diori Hamani akwai Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, wadda daga can take kai mutum Zanzibar. Akwai Turkish Airlines ta Istanbul, hanyar Maldibs ke nan. Akwai Royal Air Maroc ta Kasablanka. Mai zuwa Jarba sai ya bi ta Tunis, daga nan ƙaramin jirgi na kamar awa ɗaya.

Kano kuwa kilomita 240 ne ko kusa da haka, ta Matamaye da Daura ko ta Magarya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ma Ethiopian tana tashi, haka Qatar Airways ta Doha. Kusancin yana da daɗi, amma ka sa a buga maka hatimin fita da na shiga a kan iyaka. Shiga Kano don cin kasuwa daban, fita ƙasar waje ta filin jirginsu daban, kuma can za a nemi ganin ta inda ka shigo. Ka sa a duba maka farashin hanyoyin biyu, ka haɗa da kuɗin mota da na kwana, sannan ka kwatanta.

Ko wacce ka zaɓa, ka isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, biyu ma in da damina ne. Taya ɗaya da ta fashe tsakanin Madawa da Galmi ta isa ta cinye maka kuɗin tafiyar baki ɗaya, don jirgi ba ya jiran kowa kuma otal ba zai mayar maka da kwanan da ba ka yi ba. Ka kuma guji tikitin da zai bi da kai ta wani birnin Turai komai arharsa, saboda maganar bizar wucewa.

Mataki na biyar: karanta tayin kamar mai sayen fili

Nan ne ake cin mutane, ba da ƙarya ba, da abin da ba a faɗa ba.

Farashin da ke kan talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su raba ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai ana ƙara masa kuɗi. A ce an rubuta yuro 900. Kai da maiɗakinka 1,800 ke nan. Da yake canjin yuro da sefa a ɗaure yake, yuro ɗaya sefa 655.957, lissafin ya kama miliyan ɗaya da jaka 181, kafin biza, kafin inshora, kafin motar Yamai. Dalar Amurka ita ce mai hawa da sauka, sai ka tambayi canjin ranar.

Sannan kwanaki. "Kwana takwas" na talla sau da yawa dare bakwai ne, kuma ranar farko da ta ƙarshe a hanya suke ƙarewa. Ƙirga darare. Otal ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana, kuma kafin azahar ake fita, don haka in jirginka da asuba zai sauka, tambayi inda za ku zauna kafin nan.

Abinci kuma da haruffa biyu ake rubuta shi. BB karin kumallo ne kawai. HB karin kumallo da abincin dare. FB sau uku a rana, ban da abin sha. AI shi ne komai da komai, kuma shi masu ajans suka fi turawa. Ka yi tunani kafin ka karɓa: kaso mai tsoka na kuɗin AI na giya ne, wadda kai ba sha za ka yi ba, wato kana biya wa wani Bature kwalbarsa. Idan otal ɗin yana kusa da gari, kamar a Nungwi ta arewacin Zanzibar ko a Jarba, HB ya fi, da rana ka fita ka ci gasasshen kifi a waje da rahusa. Amma a tsibirin Maldibs da ba kowa sai otal, inda ruwan sha ma da tsada, FB ko AI ne mafita. Mai yara da yawa shi ma AI yakan fi masa kwanciyar rai.

Tambayi wanda zai ɗauko ku daga filin jirgi, da ko kuɗinsa yana ciki. A Zanzibar tafiyar awa ɗaya ce da wani abu a mota zuwa arewa ko gabas. A Maldibs kwalekwale mai inji ne ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda kuɗinsa kaɗai kan kai na wani tikitin, ba ya tashi da dare, kuma kaya kilo 20 yake ɗauka. Haraji ma haka: manyan otal-otal na Maldibs suna karɓar harajin muhalli dalar Amurka 12 ga kowane mutum a kowane dare tun Janairun 2025. Mutum biyu, dare bakwai, 168 ke nan. Zanzibar ma tana da nata harajin kwana. A rubuta maka ko an haɗa su ko a can za ka biya.

Sai wurin da otal ɗin yake. Ni na koyi wannan da jikina. Safiyata ta farko a gabashin Unguja na fito da zumuɗi, na tarar ruwa ya janye can nesa, sai rairayi da mata masu noman ciyawar teku. Na tambayi wani ma'aikaci ina ruwan ya tafi, ya yi dariya ya ce in dawo bayan awa shida. A Paje da Jambiani haka abin yake kullum, ruwa ya tafi ya dawo. Mai son ruwa a bakin ƙofa ko da yaushe sai ya nemi Nungwi ko Kendwa a arewa, inda kuma hayaniya ta fi yawa. Kafin ka biya, buɗe sunan otal ɗin a taswirar waya, ka duba hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu, ka karanta ƙorafe-ƙorafen watannin baya-bayan nan. Hajiya kuma ta sa a tambayar mata a rubuce ko ana barin mace ta shiga kwamin wanka da rigar iyo mai rufe jiki, don ba kowane otal ke yarda ba.

Mataki na shida: ajans da biyan kuɗi

Zuwa da kai ya fi aike. Ka ga ofishin da idonka, ka ga takardun rajistarsu, ka nemi wanda ya taɓa tafiya ta hannunsu. Wanda ba shi da komai sai lambar WhatsApp da hotuna, ya ce ka tura kafin alƙalami zuwa sunan wani mutum, ka bar shi da hotunansa.

A yi kwantiragi a rubuce: sunan otal, irin ɗakin, darare nawa, irin abincin, jirgi da ranakunsa, nauyin kaya, da abin da za a mayar maka idan ka fasa. Muhimmin layi a wurinmu shi ne na biza: in ba ta fito ba, nawa ne zai dawo? In sun ƙi rubuta wannan, ka riƙe kuɗinka har bizar ta fito.

Bayan ka biya, kada ka yarda da takardar ajiye kujera kawai, don takan mutu da kanta bayan ƴan kwanaki idan ajans bai zuba kuɗin ba. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13. Na Ethiopian da 071 yake farawa, na Turkish da 235, na Royal Air Maroc da 147. Ɗauki lambar ajiyar nan mai haruffa shida ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka ga sunanka. Sannan ka aika wa otal ɗin saƙo kai tsaye: kuna da ajiya da sunana, an biya? Minti goma ne aikin.

Mataki na bakwai: jaka, guzuri da ruwa

Ka raba guzuri biyu: katin banki na Visa wanda ka gaya wa bankinka za ka yi amfani da shi a waje, da tsabar yuro ko dalar Amurka, sababbin takardu marasa yagewa, don tsofaffi ana ƙin karɓarsu. Sefa ba ta da amfani a can. Ka ware wani abu da ba za a taɓa ba sai larura. Kwafin fasfo da biza da inshora ɗaya a jaka, ɗaya a waya, ɗaya a gida wurin wani babba.

Soket ɗin Tanzaniya mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, haka galibin na Maldibs, don haka sayi mahaɗi a kasuwar Dole kafin ka tashi. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun Yunin 2019. Kilishi kuma a ci shi a hanya, kada a kai shi gaban jami'an duwan. Zanzibar akwai sauro, ka ga likita kan maganin rigakafin zazzaɓi.

Ga wani abu da ba mai ajans ɗin da zai gaya maka. Mu a nan in an ce salla sai a fuskanci gabas, har kalmar ta zame mana alƙibla. A Zanzibar alƙibla arewa take, a Maldibs arewa maso yamma, a Jarba gabas mai ɗan karkata kudu. Duba alamar da ke ɗakin ko ka tambaya. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa biyu, na Maldibs da huɗu. Kuma Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, don haka in direba ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a fuskar waya.

Maganar ruwa kuma ba ta wasa ba ce. Wanda ya koyi iyo a tabki da damina bai san igiyar teku ba; tana ja ta ƙasa alhali sama lumui. Duk fita a kwalekwale a sa rigar kariya, babba da yaro, ko da masu jirgin sun ce ba komai. Jan tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga. A sa takalmin roba saboda ƙayar teku, kuma yaro kada ya matsa daga inda hannu zai kai gare shi. Masu tallar yawon gani da ido za su yi ta binka a bakin ruwa. A yi ciniki kamar a gida, amma kada a biya duka sai an dawo.

Ranar komawa, tun da daddare ka tabbatar da lokacin motar filin jirgi, ka biya abin da ke kanka a otal, ka duba takardar layi-layi. Ka bar wa kanka kwana guda a Yamai ko Kano kafin ranar komawa aiki, ka kuma bar kilo biyu ko uku a jaka. Daga Zanzibar kanumfari da kirfa ne tsarabar da ba ta nauyi kuma take isa gidaje da yawa, a kasuwar Darajani ake sayensu, ba a shagon otal ba.